Rakiyar da Kakata Ta Yi a Jirgin Dangora

Garinmu ba ya kan dogo. Tsakanin Karaye da Rogo yake, kuma wanda yake son ganin jirgin ƙasa sai ya yi sammako ya wuni yana tafiya kafin ya isa tashar Dangora. Wannan bai hana mu, yaran garin, zama gwanayen sanin jirgi ba. Da kaka, idan masu jakuna suka kai gyaɗa tasha suka dawo, mukan kewaye su, su kuwa su yi ta shara mana ƙarya son ransu. Wannan ya ce wuta yake ci, wancan ya ce in ya yi atishawa a Zariya har Kano ana ji. Daga nan sai mu tafi bayan gari mu shimfiɗa karan dawa layi biyu, mu riƙe rigunan juna muna gudu a tsakani. Kullum ni ne kan jirgi, domin na fi kowa baki.

Bakin nan nawa a gida ma yana da aiki. Babana shi ne ɗan farin kakata, ita kuwa irin matan da ce masu alkunya. Ba ta faɗin sunansa, ba ta haɗa ido da shi, ba ta kuma yi masa magana da bakinta. Ko yana tsugune a gabanta, ni za ta juyo ta kalla.

"Maigida," haka take kirana don wasan jika da kaka, "gaya wa wancan katangar bayan ɗakina ta tsage."

Sai in juya in ce, "Baba, ta ce katanga ta tsage. Ta kuma ce ranar kasuwar Karaye ka sayo mini alewa."

"Yaushe na ce? Ja'irin yaro!"

Babana ya sunkuyar da kai yana danne dariya. Ranar kasuwa kuma sai ga alewa. Na ci daɗin wannan muƙami ƙwarai, ban taɓa fatan su daina ba.

Wata shekara, zamanin Turawa na nan da ƙarfinsa, damina ta yi mana gardama, rumbu bai ko kai rabi ba. Babana ya ce zai bi wasu mutanen Kafin Dafga zuwa Jos aikin haƙar kuza. Kakata ta ce ba ta san wannan zance ba. Ta ce in gaya wa wancan, ubansa bai taɓa shiga rami da ransa ba, shi ma ba zai fara ba. Tafiya kuwa ta zama dole, bakuna sun yi yawa a gidan. Abin da ya tsaya wa babana a rai guda ne: bai yarda ya bar gari uwarsa ba ta sa masa albarka ba. Kullum da safe sai ya tsuguna a ƙofar ɗakinta ya ce, "Inna, tafiya ta matso." Ita kuma ta dube ni ta ce, "Gaya masa na ji." Daga haka ba ta ƙara komai.

Ranar tafiya sai ga ta ta fito da mayafi da sandarta, ta ce za ta yi rakiya. A wajenmu rakiya tana da tsari. Maƙwabta su juya a bakin gari, dangi su kai rafi, wanda ya fi kusa da matafiyi shi yake yin saura, don ya faɗi maganarsa ta ƙarshe ba kunnen kowa. Nan na gane dabarar tsohuwa: so take kowa ya watse, ya rage daga ita sai shi sai ni. Abin da ba ta lissafa ba, hanyar Dangora da kaka ba ta rabuwa da mutane. Aka ɗora ta a kan jaki, muka wuce rafi, muka wuce tsamiyar da ake juyawa. Duk inda ta gyara murya za ta yi magana, sai ga ayarin masu gyaɗa sun cim mana, a shiga gaisuwa, ina gajiya, ina gida, yaya amfanin bana. Ta yi tsaki ta ce a ƙara gaba kaɗan. Da ƙara gaba kaɗan ɗin nan muka tsinci kanmu a Dangora, muka kwana gidan wani ɗan'uwanmu mai saƙa.

Da hantsi jirgi ya iso. Ni da nake kan jirgi a garinmu, da na ga na gaskiya ya doso, baƙi ƙirin, yana huci, ƙasa na rawa, ban san lokacin da na shige bayan zanin kakata ba. Ita ko gezau ba ta yi ba, sai dai ta riƙe mini wuyan hannu kamar za ta karya shi. Tasha ta cika maƙil, masu talla, 'yan dako, mata da ƙullin kaya, kowa na ture kowa.

Babana ya tsuguna a cikin turmutsitsin nan ya ce, "Inna, zan shiga."

Ta dubi jama'a, ta dubi wata kuka can gaba a gefen dogo, inda babu kowa. Ta sunkuyo ta ce mini, "Gaya wa wancan za mu taka masa zuwa waccan kukar, sai mu sauka mu juyo."

Na faɗa masa. Ya zaro ido ya ce, "Gaya wa Inna wannan ba jaki ba ne, ba ya tsayawa inda mutum ya ga dama!" Daidai nan jirgin ya saki wata ƙara da ta toshe kunnen kowa, jama'a kuma suka ingiza shi ciki.

"Me ya ce?" in ji kakata.

To, ni dai ga jirgi, ga ƙofa a buɗe, kuma ban san ranar da zan sake ganinsa ba. Na ce, "Ya ce ki shiga da ƙafar dama."

Da ƙafar dama kuwa ta shiga, har da bisimilla. Babana bai ankara ba sai da ya ajiye buhunsa ya waiwayo ya gan mu zaune a kan benci, tsohuwa ta dogara sandarta tana gyara mayafi. Kafin ya buɗe baki jirgi ya girgiza ya fara tafiya.

Ban taɓa jin daɗi irin na wannan lokaci ba. Gonaki na gudu da baya, shanun Fulani na watsewa, ƙurar gawayi na shiga mini ido ina ƙara leƙawa. Kuka ta taho, kakata ta miƙe ta ɗaga murya.

"To, mai jirgi, nan ma ya isa. Allah ya saka da alheri."

Kuka ta wuce fiu. Ta ƙwanƙwasa bangon tarago da sanda. "Bawan Allah, na ce ya isa!" Tarago ya kaure da dariya, wata mai goro har da riƙe ciki. Kakata ta koma ta zauna, ta ce ita tunda take ba ta taɓa ganin abin hawa marar tarbiyya irin wannan ba.

Can sai ga mai duba tikiti da hular kaki. Ya ce, "Iya, ina tikitinki?"

"Ni ba matafiya ba ce, ɗan nan. Rakiya na yi."

Mutumin ya dube ta, ya dube ni. Babana ya ja shi gefe suka daidaita. Ya dawo ya ce in gaya wa Inna a tasha ta gaba za mu sauka, mu jira mai komawa wajen Kano ya mayar da mu Dangora. Wannan karon na isar da saƙo daidai, domin na ga idonsa.

Daga nan dariya ta ƙare a bencinmu. Kakata ta dubi hagu, mutane. Ta dubi dama, mutane, har da masu zama a ƙasa. Wurin kaɗaicin da ta wuni tana nema jiya babu shi, ba kuma za a same shi ba. Babana ya tsuguna a gabanta saboda matsi, gwiwarsa na taɓa tata, kansa a ƙasa. Tausayinsa ya kama ni, ga gemu ga komai, amma ya zama abin tausayi kamar yaron da aka hana tuwo. Jirgi ya fara rage gudu.

Ta zungure ni. "Maigida, gaya wa wancan…"

Mai goron nan ta ba ni guntun rake tun ɗazu. Na cusa shi a baki, na juya fuska waje.

"Kai, da kai nake!"

Na ce da cikakken baki, "Amarya, na gaji da aike. Ga shi nan a gabanki."

Ta murɗe mini kunne, na yi ƙara, amma ban juyo ba. Ta yi mini alkawarin duka, ta yi mini alkawarin fura da nono, duk na ƙi. Ƙafafun jirgi suka fara kuka, rumfar tasha ta bayyana, mutane suka soma ɗaukar kaya.

Sai ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta, ta zuba wa ƙasa ido. Ta ce, "Kai."

Babana ya ɗago a firgice.

"Ka je. Allah ya yi maka albarka. Na yafe maka duniya da lahira."

Ya kifa goshinsa a kan gwiwarta ya fashe da kuka, a gaban duk mutanen da suka gama yi mana dariya. Mai goro ce ta kama hannun kakata ta taimaka mata muka sauka.

Da bakin ya buɗe kuma sai ya ƙi rufuwa. Jirgi ya soma motsi, babana ya leƙo ta taga, tsohuwa ta bi shi da sandarta tana ɗaga murya, ta manta da jama'a sarai. Ta ce ya riƙa rufe ƙirjinsa, an ce garin da sanyi. Kada ya ci abincin da bai san wanda ya dafa ba. Kada ya shiga rami bai yi addu'a ba. Ya dawo kafin shuka. Yana ta cewa, "To, Inna. To, Inna," har hayaƙi ya raba su. Ta tsaya a inda daɓen tasha ya ƙare, ta daɗe ba ta motsa ba, ni kuma na riƙe mata sanda.

Ranar ce na fara jin ta yi masa magana da bakinta, ban kuma sake ji ba. Shuka ta zo bai samu dawowa ba, kafin kaka ta kewayo kuwa mun binne ta.