Ƙyauren Gidan Ɗawisu

Ranar Asabar ɗin da ta biyo bayan babbar sallah, shekarar da na shiga aji huɗu na firamare, Baba ya cire ƙyauren zauren gidanmu da ke Limawa a garin Dutse, ya jingina shi da gindin darbejiya, ya hau kankare tsatsa da yashi da tsumma. Unguwa ta game da ƙamshin soyayyen nama, yara na ta yawo da tsoka a hannu, ni kuwa an ɗora min gadin gwangwanayen madara da ya zuba ragowar fenti a ciki, kada akuyar Inna ta tsoma baki. Ragowar aikin wata gingimari ce mai ɗauko hatsi daga Ringim: shuɗi da kore da ruwan ɗorawa, sai ɗan ja a gindin gwangwani. Cewa ya yi shafe ƙyauren kawai zai yi don kada damina ta cinye shi. Amma hannun Baba bai iya ganin fili ya bar shi haka ba. Kafin la'asar sai ga ɗawisu tsaye a jikin ƙarfen nan, ya baje jela tun daga sakata har ƙasa, ya ƙura wa hanya ido ɗaya kamar mai jiran a gaishe shi.

Sana'ar Baba ke nan. Da rani a bakin tasha yake wuni, yana zana zaki da mikiya a bayan manyan motoci, yana yi wa masu aski allo mai jerin kawuna, yana ƙawata teburin mai shayi da buta da burodi. Da an yi ruwan shuka kuma sai ya rufe gwangwanayensa mu wuce gonar kakarmu a Miga, inda aikina shi ne kai abinci gona da korar tsuntsaye daga gero. Aikin da na fi tsana a duniya shi ne wanke buroshi da kananzir. Warin ba ya barin jiki ko an yi wanka da sabulun salo, fentin kuma ya maƙale a ƙasan farce. A makaranta sunana ya ɓata, sai dai 'yar mai fenti. Idan muka zauna carafke a gindin maina lokacin tara, akwai masu janye duwatsunsu wai kada in shafa musu shuɗi. Iyayensu ma ba su ɗauki Baba a bakin komai ba. Ana nemansa in an buɗe shago, amma ban taɓa ganin an matsa masa a kan tabarmar manya a wajen ɗaurin aure ba.

Gidan namu na gado ne, kuma Baffa Idi, yayan Baba, shi ne babba. Ya dawo daga masallaci ya tarar ana mayar da ƙyauren, sai ya ja ya tsaya, carbi a hannu. "Sani, abu mai rai za ka kafa mana a ƙofar gida? Mala'ikun rahama ta ina za su shigo?" Baba ya durƙusa ya ce, "A yi haƙuri, Yaya, yanzu zan yanka shi." Ya tsoma siririn buroshi a jan fentin nan, ya ja layi ɗaya ya ratsa wuyan ɗawisun. Haka masu zanen tasha suke yi a lokacin. Sun ji daga malamai cewa surar da aka raba kanta da gangar jiki ta tashi daga sura, don haka duk zakin da ke bayan mota, in ka duba da kyau, za ka ga ɗan layi a wuyansa. Baffa bai gamsu ba, ya dai ƙyale. Har ya bar duniya, in zai shiga gida kansa a kauce yake shiga. Ɗansa Nazifi, wanda ya girme ni kaɗan, shi ya ɗauki gabar a kansa: ya jefi tsuntsun da taɓo, ya karce masa jela da ƙusa, kuma shi ya fara kai sunan 'yar mai fenti makaranta.

Mutanen gari kuwa ba su jira iznin kowa ba. Kafin wata sallar, gidan ya zama gidan ɗawisu. Da shi ake yi wa baƙo kwatance, da shi ake aiken yara, har maƙwabtan da ke taɓe baki sukan ce, "Ka ga gidan ɗawisu? To, mu ne na kusa da shi." Inna ba ta taɓa yabon zanen da bakinta ba, ba halinta ba ne. Amma duk sanda aka ɗauke ruwa, za ka gan ta ta leƙo da tsumma tana goge taɓon da ya fantsama a jelar, tana faɗan yaran unguwa.

Injin da ke buga hoto a leda shi ya kashe wa Baba kasuwa, ciwo kuma ya ƙarasa sauran. Bayan rasuwarsa idon Inna ya yi yana. Ba ta bambance fuska sai an yi magana, amma tana ganin launi dishi-dishi, kuma ba ta yarda a ja ta ba. Gaisuwa, barka, dubiya, duk ita kaɗai take zuwa da sandarta. Takan ce min, "Ke dai bar ni. In na hango shuɗin nan na san na iso."

Bara Nazifi, wanda yanzu shi ne babban gida, ya zo da wani yaro daga Abuja. Wando a yayyage da gangan, takalmi fes, kyamara a wuya. Wai shahararren mai zanen titi ne, masu kuɗin da ke tara zane-zane suna rububin aikinsa. Na nemi in ga aikin, ya nuna min a waya. Gwangwanin madara ne, irin wanda na yi gadi, an zana shi ƙato an fesa masa ruwan hoda. Sai kwalin ashana, sai fuskar wata mata an maimaita ta launi-launi kamar atamfar da ta yi kwantai. Wai mai zanen titi, amma da gani rana ba ta taɓa dukan ƙeyarsa a bakin tasha ba, kuma bai taɓa zana abin da direba zai duba ya ce bai yi ba, a sake. Masu sayen nasa ma na san irinsu: mutanen da in gingimari ta tsaya kusa da motarsu sai su ɗaga gilashi.

Ya tsaya gaban ƙyauren yana dafe ƙirji, yana zuba Turanci. Da ya ga jan layin sai ya ƙara rikicewa. Ya juyo ya bayyana mana, mu 'yan gidan, cewa mai zanen yana nuna yadda aka shaƙe wuyan talaka ne, wannan kukan zuci ne na wanda aka zalunta. Inna na zaune a dakalin zaure ta ce, "Ɗan nan, Baffansu ne ya yi faɗa, shi ne aka yanka shi." Ya gyaɗa kai da murmushi, irin wanda ake yi wa tsofaffi, ya ci gaba da bayaninsa. Da aka zo maganar saye ba ta bari an kai ga ciniki ba. "Ba na sayarwa ba ne. Ƙofar gidana ce."

Nazifi ya bari sai da ta tafi suna Miga, ya kawo masu walda. Ta dawo ta tarar da sabon ƙyaure mai ruwan ƙasa, mai ƙyalli, irin wanda ke jikin kusan kowane gida a layin. Ya durƙusa har ƙasa ya ce, "Inna, gyara na yi miki. Kuma yanzu Baffa Sani zai yi suna a duniya." Wai Baffa Sani. Bakin da ya raɗa min 'yar mai fenti shi ne yau ya san Baffa Sani, don ya ji ƙamshin abin da tsohon ƙarfe zai kawo. Ban taɓa jin na raina mutum kamar ranar ba, kuma na gaya masa a gaban matarsa.

Daga baya wata ƙawata ta turo min hoton. Ga ƙyaurenmu a rataye a wani farin ɗaki a Legas, an haska shi da fitila, mutane sun tsaya a gabansa sun harɗe hannu suna tunani mai zurfi. Yaron ya fesa ruwan hodarsa a kan jelar, ya ƙara gwangwanin madara a gefe, ya rattaba sunansa ɓaro-ɓaro a ƙasa. Karcen ƙusar Nazifi ma ya bar shi, wai tarihi ne. Sunan Baba kuwa babu shi ko'ina. Abin da ya ba ni dariyar takaici shi ne sauran zanukan da ke ɗakin: kowanne da jan layi a wuya, ya zama tambarinsa. Har kwalbar lemo ya yanka, abin da bai taɓa numfashi ba.

Ba a jima ba na zo Dutse ganin gida, na tarar Inna ta fita gaisuwar rasuwa. Shiru-shiru ba ta dawo ba, sai na bi sawu. Can ƙarshen layi na same ta, ta wuce gidan da ta shekara da shekaru a ciki, tana tsaye tana shafa ƙyauren wasu mutane da tafin hannu. Da ta ji muryata sai ta sauke hannun da sauri, ta gyara mayafi, ta ce, "Ashe na wuce." Na kama hannunta, karo na farko ta bari aka ja ta.

Washegari na shiga kasuwa na sayo gwangwanin shuɗin fenti da buroshi da kananzir. Nazifi ya fito yana cewa zan ɓata sabon ƙyaure, na ce ya kira yaron Abuja ya zo ya saya. Ban gaji hannun Baba ba, ko ƙwai ban iya zanawa ba, don haka na lafta shuɗin kawai daga sakata har ƙasa. Da yamma na zauna ina wanke buroshi, warin nan da na tsana ya cika min hanci, sai ga hawaye.

A da, mai zanen ba shi da daraja, amma zanensa yana tsaye cikin rana da ruwa yana nuna wa mutane hanya. Yau zanen ya yi daraja, yana cikin sanyin na'ura, ba ya kai kowa ko'ina. Masu babur har gobe gidan ɗawisu suke cewa, baƙi su yi ta dube-dube ba su ga tsuntsu ba. Inna dai ta koma fita ita kaɗai da sandarta, kuma shuɗin yana kawo ta gida.