Madam Rahinatou da Turmin Gidanmu

Ku yi mini afuwa, ban taɓa rubuta abin da wani zai karanta ba sai takardar jarrabawa. Amma Madam Rahinatou ta yi ritaya za ta koma Dapaong, in na yi shiru ban kyauta ba.

Kullum da hantsi za ka gan ta a kan tsohon babur ɗinta, da farin alli a gefen zane. Da yajin aikin gama-gari ya rufe makarantarmu a Sokodé, nan ƙasar Togo, sai ta riƙa tara mu a gindin mangwaron ƙofar gidanta. Nan ta koya mana ilimin halayyar ɗan Adam. Ta ce akwai abin da ke taɓa mutum, akwai martanin da jiki ke mayarwa, kuma ƙwaƙwalwa takan ƙulla su biyun ba da sanin mai ita ba. Ni dai hadda nake yi don jarrabawa.

Sai yayana Mahama ya gudo daga Lomé, bayan harbin da aka yi a gabansa. Da ya ji ƙarar taɓarya sai ya shige ƙarƙashin gado. Muka daina kirɓa sakwara. Kawu ya ce iska ce, ƙauye za a kai shi a sa masa mari a ƙafa.

Na je gaya wa Madam, kuka ya hana ni. Ta biyo ni gida.

"Hajiya, ɗanki bai haukace ba," ta ce wa Inna. "Kunnensa ne ya haɗa daka da bindiga. Abin da aka ƙulla kuwa yana kwantuwa. A ci gaba da addu'a, amma a ara mini turmi."

Kawu ya yi tsaki. "Madam, yanzu da doya za ki kori iska?"

"In ta ƙi, Alhaji, ko ba komai kun ci sakwara."

Ta sa aka kai turmin can gidan ƙarshen layi. Ta zauna kusa da Mahama, shi ke cewa a fara daka, shi ke cewa a tsaya, ni ina kai saƙo da gudu. Sannu a hankali turmin ya riƙa matsowa. Ranar da Mahama ya sake firgita, ta ce, "Ba laifi, a mayar da turmin baya kaɗan." Maganar mari ta mutu.

Madam, ke ce kika zauna a tabarmarmu lokacin da kowa ke rufe ƙofarsa. Uwar masu firgita, Allah ya saka miki da alheri. Ku kuma masu ilimi, ku fito da shi daga aji, akwai gidaje irin namu.

Yau aka yi mata walimar bankwana. Mahama ne ya kirɓa sakwarar da hannunsa, Kawu har da neman ƙari. Da aka ce wata ɗaliba ta tashi ta yi jawabi, na ɗauki takalmana a hannu na sulale ta ƙofar baya. Har na kai bakin titi ina jin taɓaryarsa.