Kan Rago a Gaban Sarsenbai

Sarsenbai likitan dabbobi ne, shekara arba'in yana duba tumakin ƙauyensu. Da wuya a yanka rago a garin nan wanda bai taɓa yi wa allura ba, amma ko sau ɗaya ba a taɓa ajiye kan rago a gabansa ba. Dalili ɗaya ne: mahaifinsa, tsoho Orazali, yana raye, a al'adarsu kuwa mai uba ba ya sa wa kan rago wuƙa, ko da gemunsa ya kai cibiya.

Abin yana ci masa rai ba kaɗan ba. Duk biki sai a shigo da tiren beshbarmak, nama zube a kan faffaɗar taliya, sannan a kawo kan a faranti, a wuce shi kamar ba a gan shi ba. Haka zai zauna da furfurarsa yana kallon Tursun, abokinsa na ƙuruciya wanda ya rasa uba da wuri, yana rabon kunne da ido yana hura hanci.

"Ungo kunne, yaro," in ji Tursun. "Ka riƙa jin maganar manya."

"Wane ne yaron? Wata uku na ba ka."

"To, je ka kai ƙarata wurin Baba."

Baba kuwa ko a jikinsa. Yana shan nonon goɗiyarsa, yana hawan dokinsa, har ya cika casa'in da takwas. Allah ya sani, Sarsenbai bai taɓa yi masa fatan mutuwa ba. Yakan dai ƙirga shekarun a zuci, sai ya yi istigfari.

Ƙanƙara na fara narkewa tsohon ya kwanta, kwana biyu ya cika. Bayan sadakar arba'in wani maƙwabci ya yi wa ɗansa aure. Mai gida ya ɗauko farantin hannu bibbiyu, ya dire a gaban Sarsenbai.

"Bismillah, dattijo. Yanzu ai babu kowa a samanka."

Da zuciya ɗaya ya faɗa. Sarsenbai ya ɗauki wuƙa ya raba komai daidai, don ya daɗe da haddace abin da ake ba kowa. Nasa rabon, 'yar tsokar kumatu, ita ce ya zuba wa ido bai taɓa ba. Kewar ubansa ta taso masa, irin wadda ko a maƙabarta bai ji ba.

"Ci mana," in ji Tursun a hankali. "Shekara nawa kana jira?"

"Kai ma haka kake ji?"

"Kowane biki," in ji Tursun.