Ranar da Na Shanye Ƙanƙarar Dakta

Gara in faɗa da bakina kafin jikoki su ƙara gishiri: ni ne na shanye aikin mutum na wata biyu, a tsaye, har da gyatsa.

Lokacin ina shara da goge-goge a wani gidan binciken ruwa a Jidda. Karatuna bai wuce in gane motar unguwarmu Hindawiyya ba. Shugaban ɗakinmu Bahaushen Sudan ne, Dakta muke ce masa, kuma sai ya sa hannu kafili, wato wanda ya tsaya mini a ƙasar, ke sabunta mini iƙama, takardar izinin zama. A shekarar, saura kwanaki ta mutu.

Dakta ya dawo daga can ƙarshen arewacin duniya da akwati cike da kwalabe. Wai akwai inda teku ya kutsa tsakanin duwatsu kamar lungu, ƙanƙara tana narkewa tana zuba a ciki, shi kuma yana son ya raba ruwan teku da na ƙanƙara.

Na ce, "Dakta, ruwa in ya haɗu da ruwa ai halas, magana ta ƙare."

Ya ce, "Ya Hajj, a kowane ɗigo akwai ƙwayoyi masu nauyi da marasa nauyi. Masu nauyin ba sa jure doguwar tafiya cikin gajimare, a hanya suke sauka. Shi ya sa ruwan ƙanƙara bai kai na nan nauyi ba. Injin nan yana ganewa."

Na gyaɗa kai kamar na taɓa ganin ƙanƙarar da ta fi ta mai lemo.

Ran nan aka aike ni kasuwar Bab Makka da tsakar rana. Na dawo rigata ta manne da baya, harshena kamar busasshen burodi. Na buɗe firjin ɗakin. Kwalbar farko gishiri ce, na tofar, na mayar. Ta biyu, babba mai jan ƙyalle a wuya, ba gishiri ko kaɗan. Sanyinta sai da ya taɓa mini haƙoran da aka riga aka cire. Kafin hankalina ya iso, na ga gindin kwalba.

Na so in cika ta da ruwan famfo, sai na ji kunya. Mutum kamar Dakta a ba shi ruwan famfo? Akwai jarkar zamzam da mai ɗakina ta zo da ita daga umara. Washegari na tsiyayo na cika kwalbar har wuya, na ɗaure jan ƙyallen. Ina shara ina jin daɗi, a ganina har alheri na yi masa.

Kwana uku Dakta bai ci abincin rana ba. Ashe wannan kwalba ita ce zallar ƙanƙarar, da ita ake gwada sauran duka. Ina goge tebur ina jinsa yana magana shi kaɗai.

"Ruwan nan bai taɓa ganin sanyi ba. Ruwan rijiya ne, na ƙasa mai zafi. Ta ina rijiya ta bi ni har can?"

Aka wanke inji, aka sake gwadawa, inji ya ƙi canza magana. Sai zargi ya koma kan mai kula da shi, wani dattijo Bamasare da muke raba shayi. Na ji ana cewa a sallame shi a nemo wani.

Da safe na shiga ofis da tsintsiyata. Takardar iƙamata na kan tebur, ba sa hannu.

Na ce, "Dakta, injinka gaskiya yake faɗa. Zamzam ce."

"Zamzam."

"Tsantsa. Ban haɗa da komai ba."

"Nawa kuma yana ina?"

Na dafa cikina.

Ya cire tabarau, ya rufe fuska da tafin hannu. Kafaɗunsa na rawa, ban san kuka ba ne ko dariya, na dai fara tunanin wane jirgi ke zuwa Kano. Can ya aika a ce wa Bamasaren ya yi haƙuri. Ya jawo takardata ya sa hannu, amma da na miƙa hannu sai ya ƙi saki, ya yi mini tambayar da har yau ban amsa ba.

"Wata biyu na yi a can ina rawar sanyi, Ya Hajj, ban yarda na ɗanɗana ko ɗigo ba. Da daɗi?"