Layin Dogon da Ya Fi Ƙarfin Ɗaki

Ina zaune a rumfar Kardi kafinta, bayan kasuwar garin Madiun, ina jiran a gyara min kujera. Wani dattijo ya shimfiɗa doguwar takarda bisa katako, ya danne gefenta da kofin shayi. Baƙar hularsa ta koɗe, yatsunsa duk busasshen gam. Yadda yake yawan duba agogo, ina jin tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, Allah dai ya sani.

Zanen layin dogo ne na 'yan jiragen wasa, da za su kwaso rake daga ƙauyen su dattijon, inda jirgi bai taɓa zuwa ba. Sai dai layin ya fi ɗakinsa da kamu biyu.

Kardi ya kira shi Mbah, wato kaka, ya ce, "Matse kwanar nan mana. Abin wasa ne fa, ba mai mutuwa."

Dattijon yana bin lanƙwasar da farce. "Tarago goma sha biyu cike da rake ba sa shan kwana haka. Kifewa za su yi."

"To a cire ƙauyen."

Dattijon ya ɗago ya dube shi, sannan ya naɗe takardarsa.

"Yanka yadda na zana. Gadona zan fitar, tabarma ta ishe ni."