Siririyar Jijiya a Ƙirjin Saniyata

A shekarun farin da ya kwashe mutanen unguwarmu zuwa kudu, ni ban tashi ba. Na ce gidan mahaifina da ke gefen Sabon Birni ba za shi zama kango ina raye ba. Iyalina suka koma wajen dangi a Isa, na zauna da saniya guda, ragowar garkenmu.

Da ciyawa ta ƙare, ta koma cin abin da ta tarar a juji, har tsumma da takarda. Daga bisani ta daina tuƙa, ta riƙa tsayawa wuri ɗaya tana nishi. Na san ajalinta ya matso, tsorona kuwa ɗaya ne, kada ta mutu mushe. Mutum guda ba ya kayar da saniya ya yanka, unguwar kuma ba sauran namiji.

Na tsaya bakin hanyar Gatawa har rana ta take, sai ga wani Bafillace da sandarsa, babu dabba ko ɗaya a gabansa. Na faɗa masa bukatata. Ya ce ya gaji da ganin shanu a kwance, amma ya biyo ni.

"Baffa, wasa wuƙarka, ni za ni danne," in ji shi. "Nawa duk ungulu ta feɗe mani su, ko lada ba ta nema ba."

Na ambaci sunan Allah, jini ya tsarto, ta shura ƙafa. Ta halatta.

Da na buɗe ƙirjin, na ga tantanin da ya raba shi da ciki, na ga zuciya cikin jakarta. A jikin jakar, wata jijiyar jini da ba ta fi zaren saƙa kauri ba ta gangaro, ta yi wa jakar rassa, ta ƙarasa ta bazu a tantanin. Daga baya na ji cewa ita ke shayar da su duka biyun, kuma ɗan Adam ma yana da irinta. Dab da ita, guntun wayar ƙarfe da saniyar ta haɗiye a juji ya huda tantanin ya shige jakar, wurin ya yi ruwa mai ɗoyi. Na daɗe ina duban jijiyar. Jiki duk ya rame, ita tana nan yadda aka shimfiɗa ta.

Na binne zuciyar. Bafillacen ya ɗauki cinya ya kama hanya kafin la'asar. Sauran na kasa shi bisa tabarma, kowane gidan maƙwabci da rabonsa, yadda na ga mahaifina yana yi. Ƙofofin duka an toshe bakinsu da ƙaya, ba kowa ciki. Na yanyanka naman, na shanya bisa igiya, na zauna ina korar shirwa.