Kifaye Uku da Suka Ɓace a Al-Sadd

Ban taɓa mantawa da ranar Lahadin da aka tura ni wani asibitin haƙori mai tankin kifin ado a unguwar Al-Sadd ba. Lokacin ina babban mai duba tankunan kifin ruwan gishiri a kamfaninmu. Kowane tanki yana da ma'aikacin da ke zuwa wankinsa duk mako, ni kuwa sai an kawo ƙara nake zuwa.

Ƙarar ranar mai nauyi ce. Kifaye uku sun ɓace cikin mako biyu, ba a ga gawa ba, kuma likitan ya rubuta wa manaja cewa ma'aikacinmu ne ke kwashewa. Ma'aikacin shi ne Alhassan, mutumin Kumasi, shekararsa huɗu da mu. Manaja ya ce in ban kawo wani bayani ba kafin Alhamis, khalas, shi ke nan, za a sallame shi. Sallama a nan kuwa hanyar gida ce, don mu baƙi ne, aiki ne ya zaunar da mu a ƙasar.

A mota Alhassan ya ce, "Malam Sani, kifin da bai kai ɗan yatsa ba, da wace kenke zan ci shi?" Kenke tuwon masarar garinsu ne.

Na ce, "Bari mu ga tankin tukuna."

Na auna gishiri da zafin ruwa, komai daidai. Sai na lura kifaye biyu masu ruwan lemo da farar ɗamara sun tare a bayan babban dutse. Irin waɗannan a jikin anemoni suke son zama, wato dabbar teku mai kama da fure, wadda ke harbi da gashinta amma ba ta taɓa su. Mu kuwa ba mu taɓa saka anemoni a tankin ba.

Na zura madubi. Ga ta nan a shimfiɗe, faɗin faranti. Ƙa'idarmu ita ce ba a cire abu sai an san ko mene ne. Na duba gindinta: a yashi yake, ba a dutse ba. Gashinta gajere ne, a cunkushe kamar darduma. Na taɓa ta da safar hannu, ta manne, sannan ta nutse cikin yashi. Wannan ita ce irin da ake kira mai darduma, kuma tana cin kifi. A gefenta na tsinci dunƙulen ƙayar kifi da ta amayar.

Na nemi ganin likitan shi kaɗai, na ajiye masa ƙayar a kan takarda. Na ce, "Dakta, akwai abin da aka ƙara a tankin bayan tafiyarmu?"

Ashe shi ya ɗauko ta a bakin teku wata Juma'a, cikin bokiti, ya saka ta a tankin. Bayan kwana biyu ya daina ganinta, ya ɗauka ta mutu. Bai san irinta suna tafiya ba.

A gabana ya kira manaja ya janye takardarsa, ya fita ya ba Alhassan hannu. Muka kwashe anemonin a hankali zuwa tankin keɓewa na kamfaninmu a Sanaiya, unguwar masana'antu.

Shi ya sa nake gaya muku, ku masu wannan aiki, kafin ku amsa zargi ko ku yi shi, ku leƙa bayan dutse, ku kuma tambayi mai tanki a keɓe. Alhassan yana nan. Shi ke ciyar da anemonin har yau, yana kiranta Ɓarauniya.